Yadda zaka yi sharhin fim ɗin horo ba "wallahi ya ban tsoro" kawai ba

Akwai abinda yake ban haushi duk sanda aka zauna hirar finafinan ban tsoro, waɗanda mu dai muke cewa horo. Ka tambayi mutum yaya kaga fim kaza, amsar ɗaya ce cikin biyu, ko yace wallahi ranar da fitila a kunne na kwana, ko ya taɓe baki yace ni ko gezau, wannan ai na yara ne. Shikenan wai an gama sharhi. To malam labarin kanka ka bamu ba labarin fim ba, domin tsoro kamar yaji yake, wanda wani zai ci yana hawaye wani ƙari zai nema. Aikin mai sharhi shine ya bi sawu ya gano ta ina tsoron ya shigo, da wane kayan aiki aka shigo dashi, kuma bayan an kunna fitila me ya rage.

Tun daga yadda ka kalla ake fara cin amanar fim. Mutum ya kalli horo a waya da rana tsaka a cikin adaidaita, direba ya ƙure waƙa, ana ta kiransa yana danna fos, sannan yazo yace fim ɗin ba komai a ciki, haba ai ka zalunce shi. Ka bari sai dare, a kashe fitila, ka saka iyafis idan ba ka da sifika mai kyau, sbd rabin tsoron a kunne yake. Idan baka yarda ba ka ɗauki sin ɗin da yafi kaɗa maka hanta ka kashe sautin ka sake kallo, zaka ga ya koma wani ƙato da fenti a fuska yana tafiya a hankali. Psycho na Alfred Hitchcock da ya fito a 1960, sin ɗin banɗakin nan da duniya ta sani, da farko shi Hitchcock so yayi a barshi ba kiɗa, sai mai kiɗan Bernard Herrmann ya haɗa wannan ƙarar gogen mai kama da ihu, da yaji sai ya sauya shawara. Jinin da ke bin ruwa a sin ɗin ma cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi da fari ne ba mai ganewa. Kaga kenan kunnenka ne ya gaya maka ana yanka mutum, idonka bai ga wani abin kirki ba.

Sai maganar kwafi. Mafi yawanmu a wajen masu turawa muke karɓa ko mu sauke ƙaramin fayil don tattalin data, kuma fayil ɗin da aka matse sosai wajen duhu yake fara lalacewa, ya zama dabbare-dabbare, alhali horo a cikin duhun yake ɓoye kayansa. Akwai finafinan da abin tsoron yana tsaye a lungun ɗaki tun ɗazu, darakta so yake idonka ya gano shi da kansa, kai kuma a kwafinka baƙi kawai kake gani. Haka fassarar Hausa, ina sonta a fim ɗin faɗa da na soyayya, amma a horo mai fassara yakan cike shirun da aka bari da gangan, wani lokacin har ya saki barkwanci daidai inda ya kamata numfashinka ya tsaya. A Quiet Place na 2018 gaba ɗayansa akan shiru aka gina shi, dodannin sauti suke bi, to ka ƙaddara wani yana surutu a kai tun farko har ƙarshe. Ba haramun bane ka kalli fassara, amma ka faɗa a sharhinka cewa ita ka kalla.

Ni sau biyu nake kallo kafin in ce uffan. Na farko na jiki ne, ba biro ba takarda, in bar fim yayi dani yadda yaga dama, jiki magayi. Ana gamawa sai in rubuta wurare uku ko huɗu da naji wani abu, inda tsikar jikina ta tashi, inda na kau da kai, har da inda na ɗauki waya na fara duba saƙo, domin wannan ma shaida ce, nan ne fim ɗin ya sake ni. Kallo na biyu na ƙwaƙwalwa ne, in koma waɗannan wuraren in ga me akayi min, ina aka ajiye kyamara, yaushe kiɗa ya ɗauke, me aka nuna me aka hana ni gani.

A nan zaka gane cewa abinda muke tarawa mu kira tsoro kala-kala ne, kuma idan baka raba su ba sharhinka zai cakuɗe. Akwai razana, wato a yi shiru sannan a buga ƙara abu ya faɗo maka, ka zabura. Wannan ko ƙaninka ya laɓe a bayan ƙofa zai iya yi maka, kuma dabarar tsohuwa ce ƙwarai, a Cat People na 1942 wata mata tana tafiya da dare tana jin kamar ana binta, ana ta jan rai ana ta jan rai, kawai sai ƙarar birkin bas ta fasa shirun, ashe mota ce ba komai ba. Yau shekara tamanin da ɗoriya ana maimaita wannan, sai dai a canza bas ɗin da kyanwa ko aboki ya dafa kafaɗa. Razana ba laifi bace, wanda ya iya ta kamar James Wan a The Conjuring na 2013 sai ya ja ka har ka saki jiki tukuna, amma idan ka ƙirga ka samu duk minti biyar sai an buga maka ganga a kunne to darakta bashi da wani abin ne. Akwai ƙyanƙyami, jini da hanji da yanke-yanke, wannan zuciya yake tayarwa. Sannan akwai fargaba, wadda ba abinda ya faru tukuna amma cikinka ya riga ya ɗuri ruwa, kuma ita ce mai bin mutum har kan katifa. Ni ita nafi bawa maki, kuma gwajinta mai sauƙi ne, washegari da zaka fita alwalar asuba a tsakar gida, ka tuna da fim ɗin ko baka tuna ba.

Abin mamaki sau da yawa fargaba daga rashi take fitowa. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 mutane suna rantsuwa cewa wanka akayi da jini a ciki, ka koma ka duba da idon basira zaka ga jinin kaɗan ne, kanka ne ya ƙarasa sauran. Jaws na 1975 kifin roban da aka ƙera yayi ta lalacewa a cikin ruwan teku, dole Steven Spielberg ya riƙa ɓoye shi, ya bar kiɗan John Williams da motsin ruwa suyi aikin, sai matsalar ta zama alheri. Don haka duk sanda kake sharhi ka tambayi kanka a minti na nawa aka nuna dodon sosai, kuma bayan an nuna shi tsoron ƙaruwa yayi ko raguwa. Yawanci raguwa yake.

Yanzu tsofaffin finafinai, inda aka fi tafka kuskure. Yaro ya kalli Halloween na 1978 yace ai duk na san wannan, mai kisa da abin rufe fuska, yarinya tana gudu, an ɗauka ya mutu ya sake tashi. Eh ka sani mana, tunda jikokin ka fara gani kafin kakan. John Carpenter da dala dubu 300 da ɗoriya yayi fim ɗin, shi ya haɗa kiɗan da kansa, fuskar ma ta roba ce ta wani jarumin Star Trek da aka saya ƙasa da dala 2 aka shafa mata farin fenti, amma finafinai nawa ne suka kwafe shi daga baya. Idan zaka taɓa tsohon fim ka fara duba shekararsa, ka tambayi me mutanen lokacin suka saba gani, me wannan ya kawo da babu shi. Nosferatu na 1922 daga Jamus ko magana babu a ciki, amma inuwar nan mai dogayen farata tana hawa matattakala har yau ana kwaikwayonta, kuma dokar nan ta cewa hasken rana yana kashe mai shan jini daga nan ta bazu, a littafin Dracula na 1897 yana yawonsa da rana. Fim ɗin ma da ƙyar ya tsira, domin ba'a nemi izini ba aka ɗauki labarin, matar marubucin ta kai ƙara kotu tace a lalata kwafin gaba ɗaya, wasu ne suka kuɓuta. The Exorcist na 1973 ɗakin yarinyar sanyaya shi akayi kamar firiza don a ga tururin numfashin 'yan wasa, ba kwamfuta bace, kuma shine horo na farko da ya shiga takarar fim mafi kyau a Oscar. Irin wannan bayanin idan ka saka ɗaya ko biyu a inda ya dace yana sa mai karatu ya kalli fim da wani ido, amma karka juye mana tarihi gaba ɗaya, sharhi muka zo ji.

Kuma fa ba kowace tsohuwar zuma ce magani ba. Wasu tsofaffin sun tsufa da gaske, tafiyarsu tayi sanyi, wasan 'yan wasan kamar na dandamali, idan ka gaji a tsakiya ka faɗa, kace na gane dalilin da yasa ake girmama shi amma minti arba'in na farko sun ja ni a ƙasa. Wannan yafi ka yabi abu don kaji manya suna yabo. Su kansu manyan suna kuskure, The Thing na 1982 ya fito sati biyu bayan E.T., masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, kasuwa ma bata karɓe shi ba, yau kuma yana cikin waɗanda ake kafa misali dasu.

Wani abu da nake so ka riƙa bi shine dokar fim. Kowane dodo yanada ƙa'idarsa, me yake so, me yake iyawa, me yake hana shi. A Ringu na Japan na 1998 ka kalli kaset, waya tayi ƙara, saura kwana bakwai ka mutu, shikenan kowa ya gane kuma agogo ya fara bugawa. Fim mai kyau yana kafa doka ya tsaya a kanta, marar kyau kuma aljanin da ya ratsa bango ɗazu yanzu ƙofar katako ta tsare shi don kawai jaruma ta samu ta tsira. Ka kama irin wannan ka nuna. Haka tambayar da kowa yake yi da ihu a gaban talabijin, to ku bar gidan mana! Tambaya ce mai kyau, ka duba ko fim ya amsa ta. His House na 2020 ya amsa ta yadda ba ka da ta cewa, mata da miji ne 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu aka basu gida a Ingila da sharaɗin ba zasu tashi daga ciki ba, in sun saɓa a mayar dasu inda suka gudo, to ina zasu je. Idan kuwa labari baya tafiya sai mutanen ciki sun zama wawaye, kowa yaji motsi a ɗakin ƙasa sai ya tafi shi kaɗai ba ko tocila, wannan ragwancin marubuci ne.

Daga nan sai ka leƙa abinda dodon ya goyo. Sau da yawa abin tsoron riga ce aka sakawa wata damuwa ta gaske. Get Out na Jordan Peele na 2017 akan wariyar launin fata ta masu murmushi yake a Amurka, har ya ci Oscar na rubutun labari. Under the Shadow na 2016 uwa ce da 'yarta a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, makamai suna faɗowa ta sama aljani kuma yana cikin gida, ka rasa wanne yafi. Tumbbad na Indiya na 2018 kwaɗayi ne zalla. Amma don Allah karka matsa, ba kowane fim ne yake da saƙo a ƙasa ba, The Evil Dead na 1981 da aka yi ta kallo a kaset ana ihu ba wani darasi yazo koyarwa ba, yazo ne ya haukata ka na awa ɗaya da rabi kuma yayi. Ka auna fim da abinda ya ɗauko, ba abinda kai kake so ya ɗauko ba.

Ka kuma faɗi inda kake tsaye. Mu nan mai shan jini da kwat da dogon haƙori baya wani kaɗa mu, ba wanda kakarsa ta tsorata shi da wannan, gawa mai tafiya ma kallon wasa muke mata. Amma a saka Dabbe ko Siccin na Turkiyya, ko na Indonesiya irin Pengabdi Setan na 2017, inda ake maganar aljanu da sihiri, ana kiran sallah ana karanta ayoyin da kai ma kake karantawa, nan zaka ga ƙato ya tashi wai zai je shan ruwa bai dawo ba. Ba lallai sun fi na Amurka iya aiki ba, kusa da gida suka buga. Mai sharhi na gari sai ya raba biyun, yace wannan ya taɓa ni sbd na taso ina jin labarin gamo da ruƙiyya, amma ta fuskar aiki sautin yayi yawa kuma rabin ƙarshe ihu ne kawai. Haka idan ka ɗauki na Kiristoci masu fada da giciye, ka ɗan fahimci abinda su suka yarda dashi kafin ka yanke hukunci. Na Indiya kuma karka ce waƙa ta ɓata shi alhali haka gidan yake tun Mahal na 1949 har zuwa su Purana Mandir na 'yan gidan Ramsay a 1984, tambayar ita ce waƙar ta kashe fargabar ko ta bata hutu ne. Na kudu ma irin Living in Bondage na 1992 da aikin kyamarar wancan lokacin zaka auna shi, tsoron kuɗin tsafi da ya taɓo kuwa har yau yana nan.

Wajen rubutawa ka gajarta labarin, layi uku zuwa huɗu sun isa, su waye, ina suke, me ya fara lalacewa, ka tsaya. Yawancin abinda ake kira sharhi bada labari ne tun daga farko har wanda ya mutu a ƙarshe, wannan kuma ƙwace ne. Ni dokata bana wuce kashi ɗaya cikin uku na farkon fim, idan dole sai na taɓa ƙarshe sai in rubuta da manyan baƙi cewa wanda bai kalla ba ya tsaya a nan. Kuma tsufan fim baya halatta tona shi, kullum akwai wanda yau zai fara gani. Hitchcock sai da ya sa gidajen sinima suka hana kowa shiga Psycho idan an riga an fara, dalilin kuwa ba zan faɗa ba, je ka kalla.

Duk hukuncin da ka yanke ka kawo shaidarsa daga sin guda. Maimakon kace jarumar tayi ƙoƙari, kace a wajen cin abincin nan na Hereditary kalli yadda Toni Collette take rawar baki tana haɗiye magana kafin ta fashe, nan ka san gidan ya riga ya rushe tun kafin wani aljani yazo. Maimakon kace fatalwar tana da ban tsoro, kace tafiyar Sadako, fatalwar Ringu, ce take damun mutum, kuma dalili shine da baya 'yar wasan tayi tafiyar aka juya hoton, shi yasa gaɓoɓin suke motsi ba irin na mutane ba. Kuɗi kuma ka ambace su ne kawai idan suna bayanin wani abu, misali Paranormal Activity da dala dubu 15 aka ɗauke shi a gidan daraktan ya kawo sama da miliyan 190, wannan yana nuna maka ƙofa mai motsi da kanta da tsakar dare ta wadatar. Amma yawan ciniki ba hujjar kyau bane. Makin intanet ma a bi a hankali, kason da kake gani a Rotten Tomatoes adadin masu sharhin da suka ce ba laifi ne, ba wai fim ɗin yaci casa'in cikin ɗari ba, kuma shi Hereditary ɗin da masu sharhi suka yaba, 'yan kallon sinima a Amurka D+, wato maki ƙasa-ƙasa, suka bashi a ƙuri'ar 'yan kallo ta CinemaScore a 2018, sbd sun je neman razana aka basu baƙin ciki mai tafiyar hawainiya.

Kar ka manta da gargaɗi, wannan haƙƙi ne a wuyanka tunda a gidajenmu waya ɗaya kowa yake ɗauka. Ka faɗa a fili idan akwai tsiraici, idan yankan yayi yawa, idan an taɓa yara, ko akwai wasa da addini da zai ɓata wa mutum rai. Alamar R ta Amurka tana nufin ɗan ƙasa da 17 sai da babba, 18 ta Ingila kuma ta manya ce zalla, ka rubuta ta a sama kowa ya gani.

Idan kuma hira ce a majalisa ko a guruf, duk wanda yace fim yayi ko bai yi ba tambaya ɗaya zaka masa, wane sin? Nan take zaka gane wanda ya kalla da wanda tirela ya gani. Banda yiwa wanda yaji tsoro dariya, shi ma bayani yake baka, ka tambaye shi daidai ina ne. Kuma hira tafi daɗi idan aka haɗa biyu aka gwada, Ringu da The Ring na Amurka na 2002, ko Nosferatu na 1922 da wanda Robert Eggers ya sake yi a 2024, me aka ƙara, me aka cire, wanne yafi haƙurin ɓoye abinsa.

Wanda yake son gwaji a satin nan ya nemi Night of the Living Dead na George Romero na 1968, kyauta yake a intanet ba sata ba, domin an manta ba'a saka alamar haƙƙin mallaka ba lokacin da aka canza masa suna. Baƙi da fari ne, jaruminsa Duane Jones baƙar fata ne a lokacin da ba'a saba ganin haka ba, kuma ko sau ɗaya ba'a kira gawarwakin da sunan zombi a ciki ba. Ka kalle shi da dare, washegari ka kalli Train to Busan na Koriya na 2016, sannan ka rubuta layi goma kacal akan tambaya ɗaya, a cikin biyun ina ne mutanen da ke raye suka fi gawarwakin ban tsoro, kuma a wane minti ka fara lura da hakan.